Babban Yatsan Gwaggo Tabawa

A Jidda nake, titin Falasɗinu,
shago kamar akurki, ni da fitila da ɗan hantsaki,
ina ɓare gilashin waya kamar mai ɓare gyaɗa.
Na'urar sanyi tana tari tun azumin bara.

Bayan la'asar Gwaggo Tabawa ta shigo daga Karantina,
ta kwance waya a bakin gyale kamar kuɗin adashi:
"Ɗan nan, duba min, ta haukace.
Shekara huɗu ina jan yatsa daga hagu zuwa dama,
ƙofa ta buɗe, koren hoto ya fito,
in danna, Mudassiru ya ce na'am daga Tabuka.
Jiya na ja, ta ƙi.
Na tofa mata bisimilla, ta ƙi."

Na buɗe, na auna, na sa ta caji.
Ba tsaga, ba ruwa, batir ƙalau.
Cikin dare aka sabunta ta, mai ita na barci,
aka naɗe hanyar da yatsanta ya sani,
aka shimfiɗa wata, ko sallama babu.

To me zan ce mata?
Na ce, Gwaggo, shari'a ce.
Kamfani biyu ne can ƙetaren teku.
Ɗaya ya ce jan yatsa bisa gilashi nasa ne,
ga takarda, ga hatimi, ga lamba mai tsawon igiyar guga.
Ɗayan ya ce shi ya riga,
kuma nasa jan a ɗan karkace yake.
Lauyoyi sun cika zaure suna auna kusurwar hoto,
zagayayya ce ko mai kaifi,
in shafi ya kai ƙarshe ya yi ɗan tsalle ya dawo,
tsallen na wane ne.
Alƙali ya yanke, aka ce a canza,
shi ne hukuncin ya biyo iska
har ƙarƙashin matashinki.

Ta dube ni. Ta ɗaga babban yatsanta.
"Wannan?
Da shi na dangwala a takardar iƙama,
da shi na ja carbi tsakanin Safa da Marwa,
da shi na share wa Mudassiru hawaye ranar kaciya.
Lalle ya ci shi, wuƙar albasa ta ci shi.
Yaushe na sayar ban karɓi kuɗi ba?"

Abu Nawwaf mai shagon ya nemi fassara,
ya yi dariya har shayinsa ya zube.
Ni ban yi ba.
Na san wani ya hana idonsa barci ya zana wannan ƙofa,
guminsa ne, ba na cewa a ci banza.
Ni ma yaron da ya koyi narka dalma a hannuna
ya buɗe shago dab da nawa,
har yau gaisuwarmu daga nesa ce.
Amma ina zane ya ƙare, ina hannu ya fara?
Ban san mai sanda da zai ja wannan iyaka ba.

Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa.
Na kama yatsanta kamar mai koya wa yaro alƙalami:
yanzu sama ake ja, Gwaggo, ba gefe ba.
Sau ɗaya, sau uku, tsohuwar hanya na fizgar ta.
A na bakwai ƙofa ta buɗe.
Daga Tabuka, cikin ƙarar babbar mota: "Na'am?"
"Lafiya lau," ta ce, "gwaji nake."

Ta miƙo riyal goma, na ce ta bar shi.
A bakin ƙofa ta waiwayo:
"In sun sake zama, ka ce su aiko min sammaci,
ina da magana."

Da na zo rufe shago na ga shatin yatsanta bisa kanta,
zagaye cikin zagaye, da ɗan tabon wuƙa.
Na ɗauko tsumma.
Na ajiye.